Jigilar marasa lafiya zuwa asibiti a Maraɗi: jagora ga mai mota da ke da sararin lokaci

A kowace unguwa ta Maraɗi, daga Mokoyo da Bagalam har Zariya da Ali Ɗan Sofo, akwai gidajen da ke da mara lafiya wanda ciwonsa ba na gaggawa ba ne, amma dole ya riƙa komawa asibiti a kai a kai. Akwai dattijo mai hawan jini ko ciwon sukari da likita ya yanka wa ranar dawowa, akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye ana motsa masa gaɓoɓi, akwai mai ciki da ta yi nauyi, da yaro mai sikila, da mai wankin ƙoda, da tsohuwar da aka cire wa yanar ido. Kabu-kabu bai dace da irin waɗannan ba, adaidaita kuma tana jijjiga su ta bar su cikin ƙura, motar asibiti kuwa an ajiye ta ne domin kwasar waɗanda suka galabaita. Sau da yawa ƴaƴan gidan suna bakin aiki, ko suna Yamai, ko suna ƙetare, suna da abin biya amma ba su da wanda za su danƙa wa mahaifinsu hankali kwance. Mai mota da ke da natsuwa yana iya cike wannan gurbi ya samu halalinsa, muddin ya gane tun farko cewa tuƙin shi ne ƙaramin ɓangaren aikin, babban ɓangaren kuwa jira ne da riƙon amana.

Fara da auna lokacinka

Ganin likita a asibitocin gwamnati galibi aikin safe ne, kuma ba mai iya faɗa maka sa'ar da za a gama. Ana bin layi, likita yana iya fara zagayen ɗakunan kwanciya kafin ya zauna, ana iya kiransa ɗakin tiyata a tsakiyar aiki, sannan bayan an ga mara lafiya ana iya tura shi gwajin jini ko ɗaukar hoto. Saboda haka ka lissafa mara lafiya ɗaya a matsayin safiya guda cikakkiya. Wanda ya yi ritaya, da ɗan kasuwar da ke da yaron shago, da wanda aikinsa na yamma ne, da malamin makaranta a lokacin babban hutu, su ne aikin ya fi yi wa daidai. Ma'aikacin da ake jira a ofis da ƙarfe takwas bai kamata ya karɓi wannan nauyi a ranakun aiki ba, domin ranar da layi ya yi tsawo zai tsinci kansa tsakanin barin tsoho a kan benci da saɓa wa aikinsa, kuma duka biyun ba su da kyau. Wanda yake gadin dare shi ma ya yi wa kansa adalci, domin mai gyangyaɗi ba ya ɗaukar mara lafiya.

Ka zaɓi ranaku biyu ko uku a mako, ka sanar da su, ka tsaya a kansu.

Takardu

Kafin ka ɗauki kowa da sunan biya, ka tabbata lasisin tuƙinka na rukunin B yana aiki, takardar mallakar mota tana da sunanka ko kana riƙe da izinin mai ita a rubuce, takardar binciken lafiyar mota da ta harajin shekara ba su ƙare ba. Abin da mutane suka fi sakaci da shi shi ne inshora. Wadda yawancin masu motar gida suke saya an yi ta ne domin amfanin kai da iyali, ɗaukar fasinja da kuɗi kuwa rukuni ne dabam mai farashi dabam. Idan aka yi haɗari da mara lafiya a ciki kuma ya tabbata biya ya yi, kamfani yana iya ƙin ɗaukar nauyi, alhali wanda ka ɗauko mutum ne da ƙaramin rauni yake zame masa babba. Ka je wurin kamfaninka ka faɗa musu gaskiyar aikin da za ka yi, su ba ka takardar da ta dace. Daga nan ka leƙa ma'aikatar magajin gari ka tambayi izini da harajin da ake nema daga masu ɗaukar fasinja, ka kuma gaisa da shugabannin ƙungiyar direbobin taksi ka bayyana musu cewa ba tasha za ka tsaya ba, gida-gida kake ɗauka bisa alkawari. Wannan gaisuwa tana kashe rigima tun ba ta taso ba.

Kada ka rubuta wa motarka sunan motar asibiti, kada ka sa mata jiniya. Ba ka da kayan aikinta, ba ka da horon ma'aikatanta, kuma rubutun zai sa a kira ka inda ba za ka iya ba.

Shirya motar

Ba sai sabuwar mota ba, amma ta kasance mai ƙofa huɗu, wadda kujerarta ba ta yi ƙasa sosai ba kuma ba ta yi tudu ba, domin tsoho yana shan wuya wajen tashi daga kujerar da ta nutse kamar yadda yake shan wuya wajen hawa babbar mota. Birki da tayoyi da ƙafafun da ke rage jijjiga su zama lafiya lau, bel ɗin kowace kujera yana kamawa, gilasai suna sauka suna hawa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, na'urar sanyaya mota tana da amfani ƙwarai, sai dai kada a buɗe ta da ƙarfi a kan mai sikila, domin sanyi yana tayar masa da ciwo kamar yadda ƙishirwa take yi. But ɗin motar ya zama fili, yadda keken marasa lafiya mai naɗewa zai shiga.

Ka sa a ɗinka wa kujeru riga ta leda mai kauri wadda ake gogewa, ka shimfiɗa zane mai tsabta a kai wanda za ka canja bayan kowane mutum. A cikin jaka guda ka ajiye safar hannu, takunkumin fuska, sabulu, ledoji da ƙaramin bokiti mai murfi saboda amai, auduga da bandeji, tawul, ɗan bargo, matashi, fitila, ruwan sha, da sukari. Buta ma ta zauna a motar. Magani ko na ciwon kai ne kada ya shiga wannan jaka, domin ƙwayar da kai kake sha ba komai tana iya cutar da mai ciwon ƙoda ko mai gyambon ciki. Ka bar fesa turare mai ƙarfi, ka kuma daina ajiye jarkar mai a cikin mota, domin warin fetur yana tayar da zuciyar mai ciki da wanda ya fito ba karin kumallo. Mai kuwa tun daren jiya ake shansa, ba a tsayawa neman sa da mara lafiya a kujera.

Ka san asibitocin da ƙafarka

Kafin ka kai kowa, ka keɓe safiya ɗaya ko biyu ka zaga kai kaɗai. Ka shiga babban asibitin jiha da aka fi sani da CHR, ka shiga Asibitin Referans, ka shiga cibiyar kula da lafiyar uwa da yaro, sannan ƙananan asibitocin da ake kira CSI na unguwannin da kake zaton samun jama'a, da asibitocin kuɗi da mutanenka suke zuwa. A kowane wuri ka gano ƙofar da ake barin mota ta shiga da mara lafiya, da iyakar inda za ta kai, da inda za ka ajiye ta bayan ka sauke shi. Ka gano inda ake biyan kuɗi, da ɗakin gwaje-gwaje, da ɗakin hoto, da wurin karɓar magani, da ban-ɗaki, da benci mai inuwa, da ɓangaren gaggawa. Ka gaida masu gadi da mutunci ka faɗa musu aikinka, domin su ne za su buɗe maka ƙofa ranar da ka zo da wanda ba ya iya taku goma. Ka kuma riƙa bin jerin kantunan maganin da ke gadin dare da ranakun hutu, tunda karɓa-karɓa suke yi.

Sanin abin da ake biya ma yana cikin aikin, domin mutanen ƙauye da tsofaffi kai za su fara tambaya. Tun 2006 ne gwamnatin Nijar ta ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki a matsayin kyauta, sannan a 2024 aka rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, aka mayar da haihuwa kyauta. Duk da haka akan rubuta maganin da sai an saya a waje, don haka ka faɗa wa iyali su zo da guzuri, ka bar ma'aikacin wurin biya ya faɗi adadi da bakinsa.

Samun waɗanda za ka riƙa ɗauka

Ka fara daga unguwarku, inda aka san gidanku da halinka. Ka sanar da liman da mai unguwa, ka sa uwargida ko ƴar'uwarka ta faɗa a wurin adashi da taron suna, ka tura ɗan saƙo a zaurukan WhatsApp na dangi da na ƴan unguwa, domin ƴaƴan da ke nesa a nan suke gani. Ba ka buƙatar mutane da yawa. Gida uku ko huɗu masu ranakun asibiti tsayayyu sun isa su cika makon mai aikin wucin gadi, kuma su ne za su kai labarinka gaba idan sun ji daɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne bin ɗakunan kwanciya ana tallar kai, ko ba ma'aikacin lafiya wani abu domin ya riƙa turo mutane. Hakan yana zubar da mutuncin direba, yana kuma sa iyali su fara zargin cewa ranar dawowar da aka yanka musu ta kasuwanci ce.

Zaman farko da iyali

Kada a ƙulla wannan aiki ta waya kawai. Ka je gidan, ka gaida mara lafiya, ka zauna da wanda yake da faɗa a ji a kan jinyarsa. Ba ruwanka da sunan cutar idan ba su so faɗa ba, amma akwai abubuwan da dole ka sani: yana tafiya da kansa ko sai an riƙe shi, wane ɓari ne mai rauni, yana gani yana ji sosai, yana yin jiri ko farfaɗiya, yana da tarin da ya daɗe, kuma akwai abin da likita ya hana shi ci ko sha. Ka duba ƙofar gidan da lungun, ka ga ko mota tana isa, musamman da damina lokacin da ruwa yake yanke wasu hanyoyin unguwa ya tara yashi a wasu.

Sai maganar ɗan rakiya, wadda a ganina ita ce sharaɗi mafi muhimmanci. Duk wanda ba ya iya tsayawa da kansa, ko ba ya riƙe bayanin likita, ko yaro ne, to a haɗa ka da wani daga gida. Idan mace ce, ka tabbata maigidanta ko waliyyinta ya san da tsarin, ta zo da ƴar rakiya, su zauna a baya, kuma ƴar rakiyar ce za ta riƙe ta wajen shiga da fita. Matan da ke tuƙi suna da babbar dama a nan, domin gidaje da yawa za su fi sakin jiki da su wajen kai mai ciki awo ko kai tsohuwa. Ka karɓi lambar waya biyu ta mutanen da za a kira idan wani abu ya taso, ka kuma san takamaimai wanda zai biya.

Wajen yanke kuɗi ne masu farawa suka fi cutar da kansu, domin suna lissafin mai kaɗai. Ga misalin yadda ake yi. A ce daga gidanka zuwa gidan mara lafiya, zuwa asibiti, a biya kantin magani, a dawo, kilomita 20 ne, motarka kuma tana shan lita 10 a kilomita 100 a cikin gari, ka ga lita biyu ke nan. A farashin sefa 499 da gwamnati ta tsayar wa litar fetur a watan Yulin 2024, man ya tashi kusan jika ɗaya. Ka ƙara kwatankwacin haka domin tayoyi da baƙin mai da gyara da inshora da wanki, sannan ka sa wa lokacinka kuɗi, wato abin da za ka samu da ka yi wannan safiya a wani aikin. Ka faɗa musu a fili cewa kuɗin ya ƙunshi jiran awa uku, misali, abin da ya haura kuma ga yadda za a lissafa. Ga masu zuwa sau biyu ko uku a mako ya fi sauƙi a yi jimillar wata da ɗan rangwame, ƴaƴan da ke nesa su turo ta Nita ko Amana ko Airtel Money. Idan ka ga gidan da ba su da hali kuma zuciyarka ta ba ka ka taimaka, ka kai su don Allah ka faɗa musu haka, ya fi ka karya farashinka ga kowa har aikin ya gagare ka.

Ranar tafiya

Da daren jajibiri ka kira ka tabbatar da sa'a, ka tuna musu da katin asibiti, da takardun gwajin baya, da hotuna, da kwalayen magungunan da yake sha, domin likita yakan so ya gan su. Ka tambaya ko an ce ya zo ba tare da ya ci komai ba. Idan haka ne, a ƙunsa masa abin karyawa ya ci da zarar an ɗebi jinin. Da safe ka isa kafin lokaci da kamar minti goma sha biyar, domin shirin mara lafiya ba ya gaggautuwa, kuma busa ƙahon mota a ƙofar gida ba ya daga cikin ladabin wannan aiki. Ka yi sallama, ka ce, “Baba, ina kwana, ya ƙarfin jiki?” ka saurari amsar da kyau, ka kuma dube shi. Idan ka ga yau ba kamar kullum yake ba, numfashi yana yi masa wuya ko ba ya gane mutane, to tafiyar ta tashi daga ganin likita ta koma gaggawa, kuma ɓangaren gaggawa za a nufa.

Shiga mota yana da tsari. Ka matso da ita kusa iyakar iyawa a wuri mai daidai, ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka tura kujera baya, ka buɗe ƙofa gaba ɗaya. Mara lafiya ya juya wa kujera baya, ya zauna tukuna, kana kare kansa da tafin hannunka kada ya bugi saman ƙofa, sannan a shigar da ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Kana yi kana faɗa masa abin da ke biye: “Inna, ki zauna tukuna, ƙafa za ta biyo baya.” Wajen fita kuma ƙafafu ne farko, ya ɗan zauna a bakin kujera jiri ya wuce, sannan ya miƙe. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba a jan hannunsa mai rauni ko a ɗaga shi ta hammata, domin kafaɗar tana iya gocewa. Ana tallafa masa ne ta ƙugu, mai taimako yana tsaye ta ɓarin mai raunin. Idan daga keke za a ɗauke shi, a kulle birkin keken a ɗage matakan ƙafa kafin a fara. Kai ma ka kula da bayanka, ka lanƙwasa gwiwa maimakon sunkuyawa, kuma idan mutum ya fi ƙarfinka ka nemi na biyu ba tare da jin kunya ba.

Kowa ya ɗaura bel. Mai ciki ta sa na ƙasa a ƙarƙashin cikin, a kan ƙasusuwan ƙugu, na sama kuma ya ratsa tsakiyar ƙirji. Yara a baya suke zama. A kan hanya ka tuƙa kamar wanda ya ɗauko ƙwaryar nono cike, ka rage gudu tun daga nesa kafin tudun rage gudu da ramuka, ka bar wa kabu-kabu da adaidaita fili, ka ajiye waya. Hanya mai kwalta ko da ta fi tsawo ta fi gajeriyar da ke cike da gargada. Rediyo a kashe ko a ƙasa, hira kuma ka bar mara lafiya ya ja ta. Kada ka ba shi labarin wanda irin ciwonsa ya kashe, kada ka yi masa tallar wani mai magani, kada ka soki abin da likita ya rubuta.

A asibiti ka sauke su a wuri mafi kusa, ka ga sun zauna, sannan ka je ka ajiye mota a inuwa. Ɗakin likita na mara lafiya ne da ɗan rakiyarsa. Idan sun roƙe ka ka biya musu wani abu ko ka sayo magani, ka ƙirga kuɗin a gabansu, ka dawo da rasit da canji, kuma idan babu maganin da aka rubuta kada ka karɓi madadinsa da ra'ayinka. Lokacin jira kada ka tafi ɗaukar wani fasinja sai da yardarsu, wayarka kuma a buɗe. Kafin ku bar asibiti ka tambaya ko an yanka ranar dawowa, ka rubuta ta nan take. Aikin ba ya ƙarewa a ƙofar gida, sai ka ga mara lafiya ya shiga ya zauna a hannun wani, sannan ka aika wa mai biya saƙo cewa an dawo lafiya.

Wasu marasa lafiya da ke son kulawa ta musamman

Mai wankin ƙoda yakan yi kusan awa huɗu a kan na'ura, sau biyu ko uku a mako, kuma tsallake rana haɗari ne gare shi, don haka wanda ba zai iya cika alkawari ba kada ya karɓe shi. Yakan fito a gajiye, jininsa ya sauka, jiri yana ɗibarsa, saboda haka dawowa ta fi tafiya buƙatar kulawa. Hannun da ake sa masa allura ba a riƙe shi da ƙarfi ba a ɗora masa kaya, idan kuma jini ya ɓalle a wurin sai a danna da auduga mai tsabta a koma asibiti. An ƙayyade masa ruwan da zai sha, don haka kada tausayi ya sa ka matsa masa da ruwa ko lemo.

Mai ciwon sukari da ya fito ba karin kumallo yana iya fara zufa, da rawar jiki, da ruɗewa. Idan yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya, a ba shi kamar ƙaramin cokali uku na sukari a ruwa, idan kuwa ya suma kada a sa masa komai a baki. Mai farfaɗiya idan ta tashi, ka tsaya a gefen hanya, ka kare kansa, kada a danne shi, kada a cusa masa cokali, idan ta lafa a kwantar da shi a gefe, idan kuma ta wuce minti biyar asibiti kai tsaye. Karkacewar baki, da mutuwar hannu, da sarƙewar magana farat ɗaya, da ciwon ƙirji mai tsanani, da zubar jini ko jijjiga ga mai ciki, duk ba a komawa gida da su a ce a ga abin da hali zai yi. Idan asibiti yana kusa ka nufi ɓangaren gaggawa cikin natsuwa ɗan rakiya yana kiran gida, idan kuwa haɗari ne ko mutum ba ya ɗaukuwa ka kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Yana da kyau ƙwarai ka nemi horon agajin farko a wurin ƙungiyar Red Cross ta Nijar kafin ka yi nisa a aikin.

Mai tarin fuka, wanda maganinsa yake ɗaukar wata shida, ana ɗaukarsa gilasai a buɗe, ku duka da takunkumi, musamman a makonnin farko na shan magani, kuma ba a haɗa shi da wani mara lafiya a mota ɗaya. Wanda aka yi wa aikin ido kuwa akasin haka yake so, a rufe gilasai saboda ƙura, balle da hunturu.

Tsabta da sirri

Bayan kowace tafiya ka cire zanen, ka goge kujera da hannun ƙofa da bel, ka wanke hannunka da sabulu. Idan jini ko amai ya zuba, ka sa safar hannu, ka kwashe, ka wanke da sabulu, sannan ka shafa ruwan jabel da aka surka. Wanda aka rubuta wa digiri 12 a kwalba, awo ɗaya ake haɗawa da awo shida na ruwa, a bar shi kamar minti goma kafin a goge, ƙofofi a buɗe. Ranar da kai kanka kake zazzaɓi ko mura mai tsanani, ka zauna a gida.

Sirri kuwa, Maraɗi duk girmanta gari ne da kowa ya san dangin kowa. Za ka ga ɓangaren da mutum ya shiga, za ka ji kukan da aka yi a kujerar baya bayan an karɓi sakamako, za ka san matar da ake kaiwa asibitin Danja saboda yoyon fitsari da mutumin da ke karɓar maganin da ba ya so a sani. Babu ko ɗaya daga cikin wannan da zai fita daga bakinka, ko a majalisa, ko ga iyalinka, ko ga ɗan'uwan mara lafiyar da ya tare ka da tambaya. Amsa ɗaya ta isa: “Da sauƙi, Alhaji, sauran bayani yana wurinsu.” Hoto da bidiyo a cikin mota ko a asibiti babu su sam.

Tafiyar nesa da wanda zai tsaya maka

Da zarar an san ka za a fara neman ka kai mutum Danja, wadda ke kimanin kilomita 15 a kan hanyar Ɗan Isa, ko asibitin Galmi mai nisan kusan kilomita 200, ko Damagaram, ko ma Yamai da ta haura kilomita 650, ko kuma ka ɗauko wani daga Tibiri, Madarunfa ko Gidan Rumji. Danja da Tibiri aikin safiya ne. Sauran kuwa lissafinsu dabam ne, domin akwai kuɗin hanya, da abinci, da yiwuwar kwana, kuma duk a yi maganarsu kafin a tashi. A tambayi likita ko mara lafiya zai jure zaman, a tsaya duk bayan awa biyu ya miƙe ƙafa ya kama ruwa, a fita da sassafe domin a isa da rana. A yankunan da ke kusa da iyaka, inda matsalar ƴan bindiga ta addabi jama'a, ka tambayi halin hanya a ranar, ka bi umarnin jami'an tsaro, kada ka yi tafiyar dare ko nawa aka ba ka.

Ka riƙe littafi guda da za ka rubuta kwanan wata, da kilomita, da awannin jira, da abin da aka biya, da ranar dawowa, ba tare da sunan cuta ba. Bayan wata biyu ka zauna ka duba shi, domin a nan za ka ga ko farashinka yana ɗaukar gyaran mota ko kuwa motar kake ci. Sannan ka nemi direba ɗaya mai hankali wanda takardunsa suke daidai, ka kai shi gidajen da kake aiki su san fuskarsa tun lafiya lau, ka nuna masa yadda ake shigar da kowane mutum. Ranar da motarka ta ƙi tashi ko rasuwa ta same ku, shi za ka kira, kuma ka sanar da iyalin tun da dare ko da asuba domin kada mai wankin ƙoda ya rasa layinsa.